Fim ɗin Inside Job da rikicin kuɗi na 2008: inda ya faɗi gaskiya da inda ya taƙaita

Wani ɗan'uwa, ɗalibin nazarin tattalin arziki, ya aiko mini da tambaya bayan ya kalli fim ɗin bincike mai suna Inside Job, wanda Charles Ferguson ya fitar a 2010 a kan rikicin kuɗin da ya girgiza duniya a 2008. Ya ce fim ɗin ya bar shi da ɓacin rai, kuma yana son sanin abu biyu: ko abin da aka nuna gaskiya ne ko kuwa an ƙara masa gishiri, sannan ko za a iya ɗaukarsa hujja a kan cewa tsarin jari-hujja ya gaza baki ɗaya.

Ɗan'uwa, ɓacin ranka yana kan hanya, domin mafi yawan abin da fim ɗin ya nuna ya faru, kuma kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta kafa don binciken lamarin ya bayyana a rahotonsa na Janairun 2011 cewa rikici ne da za a iya kauce masa. Na sha nuna wa ɗalibaina wannan fim, kuma duk lokacin da na nuna shi sai na tsayar da shi a wurare biyu ko uku na ƙara bayani, saboda yana da ƙarfi ƙwarai wajen nuna wanda ya ci da wanda aka cuta, amma yana da rauni wajen nuna dalilin da ya sa ginin ya rushe gaba ɗaya cikin 'yan makonni. Zan fara da inda ya yi daidai, domin can ne ya fi yawa.

Tushen al'amarin shi ne an raba mai ba da bashi da haɗarin bashin. A da, idan banki a Amurka ya ba mutum lamunin sayen gida na shekara talatin, bankin ne zai riƙe takardar har a gama biya, don haka dole ya binciki albashin mutumin da sana'arsa da halinsa wajen biyan bashi, tunda idan ya gaza bankin ne zai kwana ciki. Daga baya sai aka shimfiɗa wata doguwar sarƙa. Dillali ya samo mai son gida ya karɓi la'adarsa nan take, kamfanin lamuni ya ba da kuɗin ya sayar da takardar bashin ga babban bankin zuba jari, shi kuma bankin ya tara dubban irin waɗannan basussuka ya ɗaure su wuri guda ya mayar da su takardun da ake sayar wa asusun fansho da kamfanonin inshora da bankuna har na Jamus da Birtaniya. Kowa a cikin sarƙar yana karɓar rabonsa tun da fari, kuma babu wanda zai jira ya ga ko mai gidan zai iya biya. Da haka aka shiga ba da bashi ga mutanen da ba a ko tantance abin da suke samu ba, aka kuma yi musu tarko da kuɗin ruwa mai sauƙi a shekara biyun farko, wanda ke tashi sama bayan haka. An riƙa gaya musu kada su damu, kafin lokacin darajar gidan ta ƙaru, sai su karɓi sabon bashi su biya tsohon.

Wanda ya san kasuwar hatsi ya san algus, inda ake zuba mai kyau a bakin buhu a cusa ruɓaɓɓe a tsakiya. Abin da aka yi da waɗannan takardu ya zarce haka wayo. An riƙa yanka kowane ƙunshi gida-gida, ta yadda kuɗin da masu gidaje ke biya kowane wata zai fara cika mataki na sama kafin ya gangaro na ƙasa, sai aka ce na saman ba shi da haɗari tunda sai asara ta cinye na ƙasa duka kafin ta taɓa shi. Wannan lissafi yana da ma'ana a karon farko. Inda aka shiga ha'inci shi ne da aka tattaro ragowar matakan ƙasa da ba su da masu saye daga ƙunshi daban-daban, aka sake ɗaure su a sabon ƙunshin da suke kira CDO, aka sake yanka shi, kuma mafi yawansa ya sake fitowa da shaidar AAA, wato shaidar da ake ba bashin da ya fi kowane aminci. Masu buga wannan hatimi su ne kamfanonin Moody's da Standard & Poor's da Fitch, kuma bankin da ya haɗa kayan shi ne yake biyansu kuɗin aikin. Ka ga an wayi gari mai kaya ne ke biyan mai awo. Duk ginin ya dogara ne a kan zaton cewa farashin gidaje ba zai faɗi a dukkan sassan Amurka lokaci guda ba, kuma daga 2006 ya fara faɗuwa a kusan ko'ina. Shekaru bayan fim ɗin, Standard & Poor's ya biya kimanin dala biliyan 1.4 a 2015, Moody's kuma ya biya dala miliyan 864 a 2017, don sasanta ƙarar da aka shigar a kansu.

Sai batun inshorar bashi, wanda fim ɗin ya bayyana shi da kyau. Mutum yana iya biyan ɗan kuɗi a kai a kai domin a biya shi idan wata takardar bashi ta lalace, ko da kuwa ba shi ne ke riƙe da ita ba, tamkar ka sayi inshorar gobara a kan gidan maƙwabcinka. Wani sashe na kamfanin AIG da ke aiki daga Landan ya sayar da irin wannan alƙawari mai ɗimbin yawa ba tare da ya ajiye abin biya ba, kuma ranar 16 ga Satumba 2008, kwana ɗaya bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers, sai da gwamnati ta zuba masa dala biliyan 85 don ceto shi, abin da daga baya ya kai kimanin biliyan 180. Mafi muni kuma, akwai bankunan da suka riƙa sayar wa abokan cinikinsu takardun da su da kansu ko wasu na kusa da su ke cacar faɗuwarsu. Goldman Sachs ya biya tarar dala miliyan 550 a Yulin 2010 a kan wani ƙunshi mai suna Abacus, wanda wani mai zuba jari da ke fatan lalacewarsa ya sa hannu wajen zaɓen abin da aka zuba a ciki, ba tare da an sanar da masu saye ba. Wannan cin amana ne, kuma ba na ganin akwai wata kalma da ta fi dacewa da shi.

Fim ɗin ya kuma yi gaskiya a kan cewa an yi gargaɗi aka toshe kunne. A 1998 Brooksley Born, shugabar hukumar da ke sa ido a kan cinikin alƙawuran kaya, ta nemi a fara bin diddigin waɗannan yarjejeniyoyi da ake ƙullawa a ɓoye, sai Alan Greenspan na babban banki da Robert Rubin da Lawrence Summers na baitulmali suka taso mata, kuma a 2000 majalisa ta yi dokar da ta tsame wannan kasuwa daga sa ido. A 2005 Raghuram Rajan, wanda a lokacin shi ne babban masanin tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ya tsaya a taron shugabannin manyan bankunan ƙasashe da ake yi a Jackson Hole ta Amurka ya ce yadda ake biyan ma'aikatan kuɗi lada a kan ribar yau yana tura su ɗaukar haɗarin da zai fashe gobe, aka yi masa kallon mai ja da ci gaba. Ga kuma shige da fice tsakanin banki da gwamnati: Rubin ya fito daga Goldman Sachs ya zama sakataren baitulmali, ya sauka ya koma Citigroup, Henry Paulson ma daga shugabancin Goldman Sachs ya hau wannan kujera a 2006. Ranar 23 ga Oktoba 2008 Greenspan da kansa ya amsa a gaban kwamitin majalisa cewa ya gano kuskure a aƙidarsa ta cewa son rai na bankuna zai sa su kare kansu da masu hannun jarinsu.

Sashen da ya fi taɓa ni, a matsayina na malami, shi ne wanda ya shafi malaman jami'a. Fim ɗin ya buɗe da ƙasar Iceland, mai mutane kimanin dubu 320 a lokacin, wadda bankunanta uku, Kaupthing da Landsbanki da Glitnir, suka kumbura har dukiyar da ke littafinsu ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara kusan sau goma, suka kuma faɗi cikin mako guda a Oktoban 2008. Can gaba sai aka zaunar da Farfesa Frederic Mishkin na jami'ar Columbia, wanda a 2006 ya sa hannu a wani rahoto da ya yaba lafiyar harkar kuɗin ƙasar, bayan ƙungiyar 'yan kasuwar Iceland ta biya shi dala dubu 124, kuma rahoton bai ambaci wannan biya ba. Duk lokacin da aka zo wurin nan ajin yakan yi tsit, domin ɗalibai suna kallon fuskar babban malami yana neman abin faɗa ya rasa. Na yi imani wannan sashe ya yi amfani, tunda a farkon 2012 babbar ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ta fito da ƙa'idar cewa mai wallafa bincike a mujallunta ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi.

Yanzu ga inda nake tsayar da fim ɗin. Ya ɗora nauyi mai yawa a kan soke wani ɓangare na dokar Glass-Steagall ta 1933, wadda ta raba bankin ajiya da bankin zuba jari, sokewar da aka yi a 1999 zamanin Bill Clinton. Sokewar ta taimaka wajen haifar da ƙattin bankuna irin Citigroup, amma idan ka duba waɗanda suka fara faɗuwa za ka ga Bear Stearns da Lehman Brothers bankunan zuba jari ne zalla, AIG kamfanin inshora ne, Countrywide kuma mai ba da lamunin gida ne, kuma tsohuwar dokar ba za ta hana ko ɗaya daga cikinsu abin da ya yi ba. Haka nan mintunan da aka ɓata a kan shaye-shaye da neman mata na wasu ma'aikatan Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Amurka, suna tunzura mai kallo, amma ba sa ƙara masa fahimta, har ma suna iya sa shi ya zaci da an samu mutanen kirki a kujerun da komai ya tafi daidai.

Abin da ya mayar da asarar bashin gidaje gobarar duniya shi ne yadda bankunan ke samo kuɗin da suke juyawa. Lehman yana riƙe da dukiya ta fiye da dala biliyan 600, amma a cikin kowace dala ɗari kimanin uku ce kawai tasa, sauran duk aro ne. Ma'ana, idan darajar kayan ta sauka da kashi uku ko huɗu cikin ɗari, jarinsa ya ƙare ƙurmus. Wani babban kaso na aron kuma na kwana ɗaya ne ko 'yan kwanaki, ana jinginar da takardu da yamma a sabunta da safe. Ka ɗauki ɗan kasuwar da ya gina rumbunan haya da kuɗin da ya aro bisa sharaɗin mai kuɗin na iya zuwa kowace safiya ya ce a ba shi abinsa. Muddin ana yarda da shi lafiya lau, amma ranar da aka fara raɗe-raɗi a kansa, ko da rumbunan na nan daram, ba zai kai la'asar ba. Wannan shi ya faru. Tun ranar 9 ga Agusta 2007, da bankin BNP Paribas na Faransa ya dakatar da cire kuɗi daga wasu asusunsa uku saboda ya kasa ƙiyasta darajar takardun da ke ciki, bankuna suka fara jin tsoron juna, domin babu wanda ya san buhun wa ke ɗauke da algus. A Satumban wannan shekara mutane suka yi layi a ƙofar bankin Northern Rock na Birtaniya suna kwashe ajiyarsu. Bayan faɗuwar Lehman kuwa aron ya ƙafe ƙaf, har kamfanonin da ba ruwansu da gidaje suka rasa kuɗin biyan albashi da sayen kaya. Fim ɗin ya ratsa ta wannan wuri da sauri, alhali nan ne zuciyar rikicin.

Bai kuma tsaya sosai a kan tambayar ina kuɗin suka fito ba, da kuma me ya sa talakawa suka rungumi bashin. Babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1 cikin ɗari a 2003, ƙasashe masu rarar ciniki irin China da masu arzikin man fetur suna ta zuba ajiyarsu a takardun Amurka, bankunan Turai kuma suna aron dala suna sayen waɗannan ƙunshe-ƙunshe ido rufe. A ɗaya gefen, albashin ma'aikaci na tsaka-tsaki ya daɗe yana tafiyar hawainiya tun shekarun 1970, sai 'yan siyasar jam'iyyun biyu suka ga sauƙaƙa bashi ya fi musu arha a kan gyara albashi, suka yi ta kiran kowa ya mallaki gida. Sifaniya da Ireland ma sun yi nasu kumburin farashin gidaje ta hannun bankuna na gargajiya, ba tare da yawan wannan ƙulle-ƙulle na Wall Street ba, kuma sun sha wuya matuƙa. Wasu sukan ce idan ɓera da sata daddawa ma da wari, wato masu karɓar bashin ma da laifinsu. Akwai waɗanda suka sayi gida uku ko huɗu don caca, gaskiya ne, amma ba na yarda a daidaita laifin ma'aikaciyar asibiti da aka miƙa wa takarda mai shafuka da dama ta sa hannu da laifin wanda ya rubuta takardar ya san abin da ya binne a ciki. Countrywide ya biya dala miliyan 335 a 2011, Wells Fargo kuma miliyan 175 a 2012, a kan zargin sun caji baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka fiye da fararen da ke daidai da su wajen cancanta.

Game da tambayarka ta biyu, ka sani Ferguson ba maƙiyin kasuwa ba ne. Shi kansa ɗan kasuwa ne da ya kafa kamfanin manhajar kwamfuta ya sayar wa Microsoft a 1996, kuma abin da fim ɗinsa ke nema shi ne a dawo da doka a kuma hukunta masu laifi. Da ya karɓi kyautar Oscar a 2011, abin da ya fara faɗa shi ne har lokacin babu ko babban jami'in kuɗi ɗaya da ya shiga kurkuku. Don haka wanda ya ce fim ɗin ya rushe jari-hujja daga tushe ya ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Sai dai a ganina abin da ya nuna ya fi abin da ya faɗa nauyi. Babbar hujjar masu kare jari-hujja ita ce wanda ya ɗauki haɗari shi ke cin riba, shi kuma ke ɗaukar asara, kuma wannan ne ke sa mutane taka-tsantsan. A 2008 an karya wannan ƙa'ida a bainar jama'a. Stanley O'Neal ya bar Merrill Lynch a 2007 da kimanin dala miliyan 160 bayan bankin ya tafka asara, AIG ya raba wa ma'aikatan sashen da ya jawo masa bala'i ladan dala miliyan 165 a Maris 2009 yana tsaka da cin kuɗin ceto, a daidai lokacin da Amurkawa fiye da miliyan 8 ke rasa aikinsu, rashin aiki ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009, miliyoyin iyalai kuma aka fitar da su daga gidajensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na cikin masu cewa da an bar bankunan duka su faɗi, domin da shirin ceto na dala biliyan 700 da aka sa wa hannu ranar 3 ga Oktoba 2008 bai samu ba, da talaka ne zai fi kowa ɗanɗana kuɗarsa, kuma bankunan sun mayar da kason da aka ba su har da riba. Abin da nake ƙi shi ne an ceci banki da shugabanninsa tare, aka bar mai gida da takardar kora. Iceland ta bi wata hanya, ta gurfanar da shugabannin bankunanta ta ɗaure da dama daga cikinsu, wanda ke nuna cewa rashin hukunci a Amurka zaɓi ne aka yi.

Guguwar ta iso mu ta ƙofar man fetur da kasuwar hannun jari. Gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 a Yulin 2008 zuwa ƙasa da 40 a Disamba, masu zuba jari na waje suka janye, kasuwar hannun jari ta Legas ta rufta. Na san wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, da ya zuba kuɗin sallamarsa ya kuma ƙara da bashin da wani banki ya ba shi don ya sayi hannun jarin bankin nan ɗin, ya wayi gari takardun ba su kai rabin bashin ba. Cutar iri ɗaya ce, aro mai yawa a kan kadarar da aka zaci ba ta faɗuwa. Ranar 14 ga Agusta 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimillar ta kai biliyan 620, sannan a 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta sayi ruɓaɓɓun basussukan.

Na san za ka tambayi matsayin tsarin kuɗi na Musulunci, tunda ya haramta riba (wato kuɗin ruwa) da garari (wato cinikin da ke cike da rashin tabbas) da sayar da bashi da bashi, kuma waɗannan ukun su ne kayan ginin CDO da inshorar bashi. Gaskiya ne bankunan Musulunci ba su riƙe irin waɗannan takardu ba, kuma ƙa'idar a raba riba da asara tsakanin mai kuɗi da mai juyawa tana magance ainihin cutar da na fara da ita. Amma ka tuna Dubai, inda farashin gidaje ya kumbura ya fashe, har a ƙarshen 2009 sai da Abu Dhabi ta kawo dala biliyan 10 aka samu biyan sukuk ɗin kamfanin gine-gine na Nakheel, wato takardun jarinsa na tsarin Musulunci. Sunan yarjejeniya ba ya hana haɗama idan babu mai sa ido da ke da ikon cewa a'a.

Fim ɗin ya fito ne a shekarar da aka yi dokar Dodd-Frank ta Yulin 2010, kuma ya raina ta. Dokar ta yi aiki fiye da yadda ya zata, domin ta tilasta wa manyan bankuna ƙara jarin kansu da shiga gwajin juriya, ta kuma kafa hukumar kare masu karɓar bashi. Sai dai tsoronsa na cewa masu kuɗi za su dawo su sassauta ta ya tabbata. A 2018 majalisa ta ɗaga iyakar bankunan da ake tsananta wa sa ido daga masu dukiyar dala biliyan 50 zuwa biliyan 250, kuma Silicon Valley Bank, mai kimanin biliyan 200, yana cikin waɗanda suka samu sauƙin. Ranar 9 ga Maris 2023 masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga cikinsa a yini guda, yawanci ta wayar hannu, washegari hukuma ta rufe shi, kuma cikin kwana biyu gwamnati ta lamunce wa duk masu ajiyar kuɗinsu, har da waɗanda suka haura iyakar dala dubu 250 da doka ta tanada.